Hancin Goggo Asabe a Ƙasar Koriya

Duk wanda ya san Goggo Asabe ya san ba ta taɓa kai loma baki sai hanci ya ba da izini. A kawo mata tuwo, a kawo mata shayi, ko ƙwayar magani ce daga asibiti, sai ta ɗaga, ta lumshe ido, ta ja numfashi sau biyu, sannan ta yanke hukunci. In ta ce "To," ka tsira. In kuwa ta ce "Uhm," gara ka ɗauke kwanonka tun kafin ta fara bayani. Ku da kuka zauna da ita a Kurmin Mashi ba sai na faɗa muku ba, da yawanku kun sha wannan "uhm" ɗin, wasu ma har yau ba su huce ba.

Kuma ba abinci kaɗai ba. Jariri in an miƙa mata ranar suna, sai ta shinshina ƙeyarsa kafin ta yi masa addu'a. Shekara talatin da wani abu ta yi tana haɗa daddawa a tsakar gidanta tana kaiwa Babbar Kasuwa, maganarta kuma ɗaya ce kullum: "Ido a ruɗe shi da kwalliya, kunne a ruɗe shi da zaƙin baki, hanci kuwa ba shi da munafunci." Wani mai kayan miya da ke kusa da rumfarta ya taɓa tsokanarta, ya ce, "Hajiya, ai Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba." Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wanda ya faɗa mura yake yi."

Akwai wata walima da aka yi a Malali, uwar amarya ta zo da kanta ta durƙusa gaban Goggo da kwanon miya, tana ta fara'a, ta ce, "Hajiya, da daddawarki aka yi, ban yarda an sa ta kowa ba." Goggo ta ɗaga kwano, ta ja numfashi sau biyu.

"Uhm. Rabi tawa, rabi ta layin baya."

"Wallahi Hajiya, tamu ce ta ƙare ana cikin girki, sai aka…"

"Ban tambaye ki ba, 'yar nan. Allah ya ba su zaman lafiya. In sun iya zama kamar yadda daddawata ta haƙura da waccan a tukunya ɗaya, aure ya yi albarka."

Ni 'yar ƙaninta ce. Ina shekara shida mahaifiyata ta rasu, aka kawo ni hannunta, kuma da yake sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba ta taɓa kiran sunana ba, Ummi take ce mini. A gidan nan na tashi, cikin tafasar kalwa da hayaƙin itace, da kwandunan da ake rufewa da buhu kwana uku har kalwar ta ruɓa ta zama abin da ake nema. Zan faɗi gaskiya tunda yau ranar gaskiya ce: na tsani warin nan. A makaranta "'yar kalwa" ake ce mini, in na zauna a benci sai a matsa. Na riƙa tara kuɗin karin kumallo ina sayen wani turare mai jar kwalba, ina fesawa a bayan katanga kafin in shiga aji. Da na tafi makarantar kwana kuwa, ranar ziyara nakan tare ta tun daga bakin ƙofa, in ce ciki ya cika da mutane, mu zauna a gindin bishiyar waje. Ba ta taɓa musa mini ba. Takan shimfiɗa ɗankwalinta mu zauna, ta buɗe kwano.

Saboda haka da na sami tallafin karatun digiri na biyu a Koriya ta Kudu, kan ilimin tsabtace ruwan sha, murnata biyu ce. Ɗaya ta karatu, ɗaya ta cewa zan je inda babu wanda ya san abin da ake dafawa a gidanmu.

Ai kuwa na je, na kuma gane kurena. Ɗakina a Seoul bai fi akurki ba. Tsoron naman alade da giya a cikin girki ya hana ni kusantar kowane gidan abinci, na koma burodi da dafaffen ƙwai da shayi, safe da rana da yamma. Mutane ba su yi mini komai ba, sai dai kowa na sauri, sai in wuni in kwana ban buɗe baki na yi magana da kowa ba. Cikin wata huɗu siket ɗina ya fara zamewa. Karatun da nake taƙama da shi ya daina shiga.

Wata Juma'a muna magana ta waya mai hoto, Goggo ta ce, "Matso da wayar nan wuyanki." Na matsar. Ta ƙura wa wuyan ido, sannan ta ce, "Kash! Da ana jin wari a waya da tuni na san abin da ke damun ki." Ta kashe.

Ɗanta na fari, Yaya Nasiru, yana zuwa Koriya sau biyu a shekara saro kayan gyaran mota. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, "yaron nan" take cewa, ko da yake a lokacin furfura ta fara fito masa. Ta sa shi gaba, ta ce tafiyar da zai yi nan gaba ƙafarsa ƙafarta. Ya kawo mata zancen sanyi, ya kawo zancen gwiwarta, ya kawo zancen takardu. Ta ce, "Na je Makka na dawo da ƙafafuna. Koriya ta fi Makka ne?" Wata biyu aka yi ana fama da takardu. Kafin su iso ni kuma na riga na karɓi takardar ajiye karatu na cike, saura in miƙa ta ranar Litinin ta sama, in bi su mu dawo gida.

Na fi awa biyu ina jiran su a filin jirgi. Da suka fito Yaya Nasiru yana share zufa duk da sanyin da ake yi, ita kuwa tana tafe da rigar sanyi biyu a ƙarƙashin hijabi, da safar Yaya a ƙafa, fuska a murtuke. Ashe wani ɗan kare ne na masu binciken kaya ya zo ya zauna daram a gaban jakarta. Ta ɗaga zani tana salati kada ya lashe ta, aka buɗe jaka, aka tarar da kilishi da daddawa ƙulli guda wadda ta yi mako biyu tana haɗa mini. Dokar ƙasar ta hana shiga da irin waɗannan, aka karɓe. Garin kuka kawai aka bar mata.

"Leda bakwai na naɗe ta," in ji ta. "Bakwai! Na sa a gwangwani, na naɗe da zani. Amma karen nan ko kewaye bai yi ba." Ta girgiza kai, sai na ga fushin ya ɗan sassauta. "Kai, ya san aikinsa. Duk cikinsu shi kaɗai ya san darajar abin da na ɗauko."

Sannan ta jawo ni jikinta, ta sa hanci a wuyana kamar yadda take yi wa jarirai. Ta daɗe. Ba ta ce "To" ba, ba ta ce "Uhm" ba.

"Ummi, ba kya warin komai," ta ce. "Mai rai ya kamata ya yi warin wani abu."

Da muka isa ɗaki na nuna mata takardar, na karanta mata, na shirya jin faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce ba za ta hana ni ba, wanda yake cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma maganin da ta taho da shi kare ya cinye, don haka tana da roƙo ɗaya. "Ba a barin gari ba a ɗanɗana shi ba. Yaron nan zai tafi wajen ƙarafunansa. Ke ki zagaya da ni kwana biyar, in ga abin da suke gani, in ci abin da suke ci. In Litinin ta yi kina nan kan bakanki, ni zan riƙe miki jaka."

Washegari na kai ta tsohuwar fadar sarakunan ƙasar. Ga rufi mai lanƙwasa, ga ginshiƙai ja da kore, ga 'yan yawon buɗe ido ana ta ɗaukar hoto. Goggo ta tsaya a tsakiyar fili ta buɗe hanci.

"Ina madafa?"

"Goggo, ai ba kowa a ciki yanzu, wurin kallo ne."

"To kango ne aka shafa wa fenti. Gidan da ba hayaƙi ai ba gida ba ne."

Ta bar ni ina karanta allon tarihi, ta bi wani lungu tana ɗingishi. Can na same ta a wani fili da aka jera manyan randuna baƙaƙe, ta tura kai cikin wata da aka bari a buɗe don masu kallo, har wani mai gadi ya taho da sauri. Ta ɗago ta ce, "An taɓa ruɓar da wake a nan." Na duba allon da ke gefe. Haka aka rubuta, randunan ajiye ruɓaɓɓen waken miya ne na gidan sarki. Ta gyara hijabi ta ce, "Ashe sarkin mutumin kirki ne."

Daga nan muka shiga layin masu sayar da abinci a bakin titi, inda ni wata shida nake wucewa da sauri ina kau da kai. Ta kafa mini doka: duk abin da hancinta ya tsaya a kai, in tambaya da ɗan yarensu da na koya ko akwai alade ko giya. In an ce akwai mu yi gaba, in an ce babu mu ci. "Allah ya ba ki baki," ta ce. "Tambaya ce ta gagare ki har kika zama sillen kara?"

Wani mutum yana gasa wani abu mai siffar kifi a cikin ƙarfe, har da ƙaya da jela. Ta karɓa ta shinshina. "Babu kifi a nan ko ƙwaya ɗaya. Fanke ne ya yi shigar kifi." Ta gutsura, sai ga jan wake da sukari a ciki. "La ilaha illallahu! Wake da sukari? Wa ya aike su?" Ta cinye tana mita, ta ce a ƙaro ɗaya don ta tabbatar da laifin. Muka ci wani curin shinkafa da aka murza dogo-dogo kamar yatsa, aka dafa cikin jar miya mai kauri. Ta ce ɗan waken shinkafa ne, kuma barkononsu matsoraci ne, ya ɓuya bayan sukari. A gaba kaɗan wata mata tana tafasa tsutsar siliki a tukunya, ana saye a kofi ana ci da tsinke. Na toshe hanci na ce, "Tir!" Goggo ta make mini hannu.

"Ke da kike cin fara da yaji a ƙofar makaranta har kina lashe takarda?"

"To ki ci mana, Goggo."

"Ban ce zan ci ba. Na ce kada ki raina."

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na mai gasasshen dankali. Wani dattijo ne da ganga mai wuta a ciki, ya zuba mana uku a takarda, na biya, na juya zan tafi. Goggo ta tsaya ƙyam, hannunta a miƙe.

"Goggo, me kike jira?"

"Gyara."

"Don Allah ki taho, nan ba Babbar Kasuwa ba ce, ba a gyara a ƙasar nan!"

Ko gezau. Ta kalli dattijon, ta kalli dankalin, ta ɗan karkaɗa yatsu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya dube ta, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki, ya zaɓo wani ɗan ƙarami mai zafi ya ɗora mata a hannu, ya faɗi wata kalma. Daga baya na gane ashe su ma suna da al'adar, har suna da sunanta, tsofaffin 'yan kasuwa ne suka fi riƙe ta. Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa.

"Wata shida kina nan ba ki sani ba. Duk garin da ake gyara, akwai mutane a cikinsa."

Dariya na yi, amma kada in yi muku ƙarya, har kwana na uku babu abin da ya sauya a raina. Ina gutsura ne don kada ta yi magana. Takardar tana nan kan tebur. Gwiwoyinta kuwa sun kumbura saboda hawa da saukar matakalan jirgin ƙasa, har ta koma yin salla a zaune. Na ce mu haƙura haka, ta ga gari. Ta ce saura Asabar, ranarta ce, ba ta taɓa ba ta kunya ba.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga wata tsohuwar kasuwa mai rufi. Muna cikin layin masu barguna sai ta tsaya cak, ta ɗaga kai, hancinta yana motsi. Ta saki hannuna ta yi gaba. Matar da nake ja a matakala, yau ni ce nake bin ta da gudu. Ta ratsa masu busasshen kifi, ta karya kwana wajen masu tukwane, ta shiga wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, ta tsaya a ƙofar wani ɗan shago mai tebur huɗu.

Ni ma a nan na ji shi. Warin tsakar gidanmu ne ranar da ake buɗe kwando, ba ragi ba ƙari. Ƙafata ta ƙi shiga. Na ƙetare rabin duniya don in rabu da warin nan, ga shi ya riga ni zuwa yana jira na a lungu.

Mai shagon wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, bayanta ya ranƙwafa, kowa yana ce mata Halmoni, wato kaka. Goggo ta cire takalmi, ta yi sallama da Hausa, ta wuce kai tsaye ƙurya inda aka lulluɓe wani abu da bargo. Tsohuwar ta biyo ta tana faɗa. Goggo ta nuna bargon, ta nuna hancinta, ta dafa ƙirji. Tsohuwar ta yi turus, sannan ta ɗaga bargon. Kwando ne da karan shinkafa a ciki, cike da dafaffen waken suya da ya ruɓa yana yauƙi. Goggo ta ɗaga yatsu uku. Tsohuwar ta zaro ido, ita ma ta ɗaga uku. Kwana uku ke nan. Goggo ta kwaikwayi daka, tsohuwar ta shige ciki ta fito da taɓarya.

Shi ke nan aka ɓalle. Sun fi minti ashirin suna musu, wannan da Hausa waccan da Koriyanci, kan gishiri. Halmoni tana zuba gishiri lokacin daka, Goggo ta ce wannan ganganci ne, a shanya a rana ita ce magana. Ina tsakiya ina ƙoƙarin fassara, babu mai saurare na, kuma wallahi kowa tana jin kowa. Can sai Halmoni ta kama gefen zanin Goggo, wanda aka naɗe gwangwanin nan da shi, ta kai hanci, ta lumshe ido, ta ja numfashi. Ta daɗe ba ta saki ba. Da ta buɗe ido sai ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da gwani yake yi wa gwani. Ban taɓa ganin Goggo ta ji kunyar yabo ba sai ranar.

Na yi tambayata ta kullum. Halmoni ta buɗe mini tukunya in gani da idona: ƙananan busassun kifi, albasa, kabewa, da awara. Goggo ta tafa hannu. "Awara a miya! Shekara nawa muna soya ta, ba wanda ya yi tunanin jefa ta a miya?" Aka kawo mana a 'yan ƙananan tukwanen ƙasa baƙaƙe, miyar tana ta ɓararraka a ciki, da shinkafa fara. Goggo ta ɗaga tata da tsumma, ta ja numfashi sau biyu.

"To," ta ce.

Ni ina zaune ina kallon tawa. Halmoni ta zo ta kama tsintsiyar hannuna, ta zagaye ta da yatsu biyu, ta ga har da saura. Ta hau ni da faɗa kamar ita ta haife ni, ta danƙa mini cokali, ta tsaya a kaina hannu a ƙugu. Na kai cokali ɗaya baki. Ban san lokacin da hawaye ya fara zuba ba. Ina ci ina kuka, ina kuka ina ci, har na tashi da shinkafa kwano biyu, tsofaffin nan biyu suna tsaye a kaina, babu wadda ta ce in yi shiru.

Da na natsu Halmoni ta zauna kusa da mu tana magana a hankali don in gane. Ta ce yaran yanzu ba sa son warin miyar nan. Jikokinta ma in za ta je gidansu sai sun ce ta sake kaya tukuna, ƙaramar kuma ba ta son ƙawayenta su san sana'arta. Tana faɗa tana dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

"Me ta ce?" in ji Goggo.

Na fara fassarawa. Da na kai kan ƙaramar jikar sai na sunkuyar da kai. Na ƙarasa da ƙyar, idona a kan tebur.

Goggo ba ta kalle ni ba. Ta miƙa hannu ta dafa na tsohuwar, ta ce, "Gaya mata yara ne. Suna dawowa."

Ranar Lahadi ta kaɗa miyar kuka a ɗakina da curin waken da Halmoni ta ba ta, har maƙwabcina ya leƙo ya ga ko wani abu ne ya mutu. Muka kai wa Halmoni a kwano. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska saboda yauƙin, ta ƙara, ta ƙara. Kafin mu tafi Goggo ta kama hannuna ta sa cikin na tsohuwar, ta haɗa ta matse, ta ce, "Amana." Ban fassara ba, ba a kuma nemi in fassara ba. A hanya ta ce mini, "Ba abincin garin nan ne ya kore ki ba, Ummi. Rashin mai tambayar ki ko kin ci ne. Yanzu kin samu."

Litinin da safe ta ɗaura ɗankwali ta ce, "To, ina jakar da zan riƙe?" Na duba tebur, babu takarda. Can na hango ta a saman firji, an naɗe ragowar curin waken nan da ita, mai ya huda ta har sa hannuna ya narke.

"Goggo! Takardar makaranta ce fa!"

"Ayya. Ni da ban yi boko ba, ina zan sani?"

Matar da na karanta wa takardar nan layi-layi! Da na so, minti biyar ya isa in karɓo wata a ofis. Ban je ba. Na raka su filin jirgi, na koma aji. Shekara biyu na yi, duk Asabar ina lungun nan, ana yi mini faɗa ana cika mini kwano, har na gama na dawo Kaduna na kama aiki.

Bara ciwon da ya kwantar da ita ya fara da ɗauke mata jin wari. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. A kawo mata abinci, ta ɗaga bisa sabo, ta ja numfashi sau biyu, sai ta ajiye a hankali ba ta ce komai ba. Da na ga haka sai na sayo kalwa, na ce ta koya mini. Tana kwance kan tabarma a inuwa tana ba da umarni, ni ina fama da wuta da turmi, tana ce mini hannun biro. Muka rufe kwando. Ranar kwana na uku ta ce in jawo shi kusa da ita.

Kafin in buɗe na ce, "Goggo, akwai abin da nake so ki yafe mini." Na faɗa mata komai, da turaren bayan katanga, da gindin bishiyar ranar ziyara, da dalilina na biyu na tafiya Koriya.

Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Turaren nan mai jar kwalba? Mai warin maganin sauro? Ai tun kina ƙofar gida nake jin sa." Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. "Ke a zatonki me ya sa kayan makarantarki ba sa kwana a igiyar gidan nan? Gidan maƙwabta nake kai su in shanya, in karɓo da asuba kafin ki tashi. Iyakar abin da na iya ke nan. Sana'ar ce ba zan iya bari ba, da ita nake ciyar da ke."

Shekara da shekaru ina sa kayan nan, ban taɓa tambayar inda suke bushewa ba.

Ta bar ni na yi kukana, sannan ta zungure ni da ƙafa. "Ya isa. Buɗe ki faɗa mini, ke ce hancina yanzu." Na ɗaga buhun, na sunkuya, na lumshe ido, na ja numfashi sau biyu.

"Ta yi, Goggo."

"Ba haka ake cewa ba."

Na share fuska na ce, "To."

"Yauwa," ta ce, ta gyara kwanciya.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta cika. Zaninta ɗaya na roƙa cikin kayanta, ban wanke shi ba, ba kuma zan wanke ba.

Allah ya jiƙan Goggo Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ta huta. Yadda ta ciyar da marainiya ba ta taɓa goranta mata ba, Allah ya ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ya mayar mata da hancinta, ya sa ƙamshin Aljanna ne farkon abin da za ta shaƙa, ta lumshe ido ta ce, "To." Amin.